Shekara tara muna cin gayan tuwo

Ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni ranar Asabar sanye da rigar wata ƙungiya, ba wadda na gan shi da ita a Sallar bara ba. A sanina wannan ce ƙungiyarsa ta uku, yaron da aka haifa a 2008, shekarar da aka karya ɗan wasanmu na Arsenal Eduardo. Na tambaye shi ina waccan rigar, ya ce ai ɗan wasan da yake so ya tashi, shi ma ya tattara ya bi shi. Sai ya dubi tsohon hoton Arsenal da ke manne a bangon shagona, wanda rana ta cinye har jan ya koma ruwan hoda, ya ce, "Kawu, wai ku mi yas sa kunka zauna wurin ga duk shekarun da ba ku cin komi? Ko arme anka ɗaura maku da ita?"

Na ce masa ja'iri, na kore shi ya je ya gaida kakarsa. Amma tambayar ta kwana da ni, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Zai yi tsawo, wanda ba ya iya karatu mai tsawo ya wuce abinsa.

Mu nan Gusau, yawancin sa'o'ina ba Arsenal muka fara so ba, Kanu muka so. Mun gan shi a Atlanta a 1996 yana zura wa Brazil biyu, Najeriya ta dawo daga 3-1 ta ci 4-3. Da ya koma Arsenal a 1999 sai muka bi shi, kamar dai yadda yaron nan ke bin nasa ɗan wasan yau, wannan kam ba zan musa ba. A watan Oktoba na shekarar Chelsea tana gaba da 2-0 a gidanta, saura kwata a tashi, Kanu ya ci uku shi kaɗai. Ta uku kusan daga kan layin fita ya buga ta, bayan ya yanke gola. Ni ta tagar falon wani Alhaji na unguwarmu na kalli wasan, mu wajen goma sha muna turereniya. Bambancinmu da yaran yanzu ɗaya ne: Kanu ya bar Arsenal a 2004, mu ba mu tashi ba.

To me zai tashe mu a lokacin? Kakar 2003 zuwa 2004 wasa 38 aka yi, muka ci 26, canjaras 12, ba wanda ya kayar da mu. Har wasa 49 a jere aka kai kafin Manchester United ta tsinka igiyar. Mun yi ɗagawa a shekarun nan, Allah Ya yafe mana. Akwai wani tela a layinmu na Tudun Wada, ya girme mu nesa, Baba muke ce masa, shi ne limamin 'yan Arsenal na gidan kallonmu. Shi ya fara gaya mana cewa ran 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro jihar Zamfara, kuma a ranar ce Arsene Wenger ya kama aikin koci a Arsenal. Wai saboda haka duk Bazamfaren da ba ɗan Arsenal ba, bai san tarihin jiharsa ba. Da gaske yake faɗa, fuska ba dariya.

Gidan kallon rumfar kwano ce, da benci jere-jere, talabijin biyu a gaba, janareto a baya yana ta hayaƙi, a bakin ƙofa kuma allo da ake rubuta wasannin ranar da alli. Naira 20 muke biya a farko, daga baya ta koma 30, ta koma 50. A nan muka ga Vieira ya buga fenaritin ƙarshe a wasan ƙarshe na Kofin FA a watan Mayun 2005, muka karɓe kofi a hannun Manchester bayan sun wuni suna matsa mana. Muka fito muna ihu, 'yan kabu-kabu na ta oda. Da wani ya tare mu a bakin titi ya ce wannan ne kofinku na ƙarshe sai bayan shekara tara, da mun ce a kai shi a yi masa ruƙiyya.

Ran 17 ga Mayu 2006 ce ta fara koya mana ɗanɗanon abin da ke tafe. Wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, a Paris, da Barcelona. Zafin bazara, rumfar ta cika har mutane na tsaye jikin kwano, gumi kamar an watsa mana ruwa. Minti 18 aka ba golanmu Lehmann jan kati. Wenger ya cire Pires don ya sa gola, kuma har gobe akwai waɗanda ba su yafe masa wannan canjin ba. Duk da haka Campbell ya sa kai ya ci. Mutum goma, muna gaba da ɗaya, har aka shiga kwatan ƙarshe. Henry ya samu dama shi da gola bai ci ba. Na tuna Baba tela ya kama hularsa da hannu biyu ya ce, "Wagga ita ta, mun yar da ita." Sai Eto'o ya farke, minti kaɗan Belletti ya ƙara. Na taka da ƙafa har gida, ban ko tsaya wurin mai shayi ba. Mahaifiyata ta ga yanayina ta ce, "Wa ya rasu?" Da na gaya mata, ta yi tsaki ta ce in rufe mata ƙofa sauro na shiga.

Mutane da yawa suna ba da labarin shekarun nan kamar tsautsayi ne kawai ko taurin kan Wenger. Akwai taurin kai, amma asalin abin gini ne. A 2006 ƙungiyar ta bar Highbury mai ɗaukar mutum wajen 38,000 ta koma Emirates mai ɗaukar 60,000, aikin da ya ci kusan fam miliyan 390, mafi yawa bashi. A daidai lokacin kuma Abramovich ya riga ya sayi Chelsea tun 2003 yana zuba kuɗi ba lissafi, a 2008 masu kuɗin Abu Dhabi suka sayi Manchester City. Baba tela ne ya fi kowa iya fassara mana wannan. Ya ce duk magidancin da ya taɓa aza tubali ya san gidan da ake gini miyarsa ba ta nama, sai an yi rufi. Muka yarda. Abin da bai gaya mana ba shi ne rufin zai ɗauki shekaru, kuma maigidan zai riƙa sayar da awakin gidan ɗaya bayan ɗaya.

Ku ƙirga kyaftin kawai. Vieira ya tafi Juventus a 2005. Henry ya tafi Barcelona a 2007. Fabregas ya bi shi can a 2011. Van Persie ya tafi Manchester United a 2012, ya kuma ɗauki kofin Firimiya da su a kakarsa ta farko. Ban da Ashley Cole, ban da Kolo Toure da Nasri da Clichy, ban da Adebayor da ya ci mu a rigar City a 2009 ya kwasa da gudu tun daga wancan ƙarshen fili don ya zo ya durƙusa gaban magoya bayanmu. Kowace damina sai an sayar mana da wanda muka fi so, a kawo yaro ɗan shekara 18 a ce mu yi haƙuri zai girma. In ya girma kuma a zo a ɗauke shi.

Rigar Van Persie ce kaɗai rigar ƙwallo da na taɓa saya da suna a baya. A kasuwa na saye ta, irin ta 'yan gwanjo, amma na ji kuɗin a jikina don lokacin ina koyon gyaran waya, abin da nake samu bai taka kara ya karya ba. Wata biyar na sa ta. Ranar da labarin tafiyarsa ya tabbata na kai wa Baba tela, ya ɗora dutsen guga a kan sunan ya ɓamɓare haruffan ɗaya-ɗaya, lamba 10 kawai ya bari. Bai karɓi ko sisi ba. Ya ce tawa ce ta shida a ranar.

Kowace kaka da irin nata ciwon. A Fabrairun 2008 muna saman tebur aka karya Eduardo a Birmingham, karayar da masu haska wasan suka ƙi maimaita hotonta, aka farke mana a minti na ƙarshe, kyaftin Gallas ya zauna dirshan a tsakiyar fili kamar yaron da aka hana alewa. Daga ranar kakar ta zube. Amma shekarar da ba ta da ta biyu ita ce 2011. A Fabrairu muna cin Newcastle 4-0 kafin hutun rabin lokaci, wasu har sun fita shan iska, aka tashi 4-4. A ƙarshen watan muka je Wembley wasan ƙarshe na ƙaramin kofi da Birmingham, kowa ya sa a ransa yunwa ta ƙare, ko ba nama a samu romo. Minti 89 Koscielny da gola Szczesny suka yi karo kan ƙwallon da ba kowa kusa da ita, ta gangaro gaban wani ya tura a raga. Wane ne? Obafemi Martins. Ɗan ƙasarmu, ya bi da tsalle-tsallen nan nasa na alkafura. Wani ɗan Chelsea da ke bayana ya dafa kafaɗata ya ce, "Haƙuri za ka yi, ɗan'uwanka na ya ci, abin bai fita gida ba." Birmingham ɗin nan a kakar ta faɗa ƙaramar gasa.

Sai 28 ga Agusta. Azumi ne, kwana biyu kafin Sallah. Ƙarfe 4 na yamma aka take wasa a Old Trafford, daidai lokacin da mai azumi ba ya son ko a yi masa magana. An sayar da Fabregas da Nasri a cikin watan, wasu na jinya, aka jero mana yara a baya. Welbeck ya fara. Muka samu fenariti Van Persie ya buga De Gea ya kama, kafin mu gama salati Ashley Young ya lanƙwasa ta biyu. Daga nan na daina ƙirga da kyau. Rooney uku, Young biyu, Nani, Park. 8-2. Lokacin da ta kai shida 'yan Manchester sun daina ihu, dariya kawai suke, wani ma ya miƙe ya ce a ji tsoron Allah a tsaya haka nan, watan rahama ne. Wannan tausayin ya fi zagi ciwo. Na leƙa bencin gaba, rabin 'yan Arsenal sun sulale. Baba tela yana nan zaune, carbi a hannu, idonsa a kan talabijin har alƙalin wasa ya busa. Na so in fita tun ta biyar, ganinsa ne ya hana ni. Da muka fito ana shirin kiran Magariba, mai ƙosan bakin layi, wadda ba ta san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba, ta ce mini, "Na nawa za a ba ka, takwas ko biyu?" Yara sun riga sun kai mata labari. Ranar Sallah a filin Idi ma ban tsira ba, ana barka da Sallah ana nuna mini yatsu takwas.

Abin da yaron nan bai gane ba ke nan. A wancan zamanin ƙungiyarka sunanka ce a unguwa. Ba a waya kake goyon baya ba, inda za ka goge rubutu ka sake hoto ba wanda ya sani. Da ƙafarka kake zuwa, da kuɗinka kake shiga, a benci ɗaya kake zama kowane mako, kowa ya san fuskarka. In an ci ku, da safe dole ka bi ta gaban majalisa, dole ka sha shayi a teburin da 'yan Chelsea suka kafa sansani tun da Mikel Obi ya je can a 2006. Za su ce maka ɗan kofin na huɗu, tun da kocinmu da bakinsa ya kwatanta ƙarewa a huɗun farko da cin kofi. Za su tambaye ka ko an yaye yaran da aka haifa ranar da kuka ɗauki kofi, daga baya suka koma tambayar aji nawa suke a firamare. Kai kuma ka shanye, ka ce musu mu dai ƙwallo muke bugawa mai kyau, ba ma sayen kofi da kuɗin mai. Kana faɗa kana jin yadda maganar ba ta da nauyi.

Wasu sun gudu, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda suka bi Henry zuwa Barcelona suka tarar da Messi da Guardiola, suka yi zamansu cikin daula. Akwai waɗanda suka wayi gari 'yan Chelsea a daren da Drogba ya ɗauko musu Kofin Zakarun Turai a Munich a 2012. Ba na gaba da kowa a kan ƙwallo, muna zumunci, muna zuwa sunan 'ya'yan juna. Amma har yau in ana gardama ɗayansu ya ɗaga murya, kallo ɗaya nake masa ya sauke, don ya san na san inda ya fito. Hausawa sun gama magana da suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ra'ayina ke nan, kuma ban ce dole kowa ya ɗauka ba: wanda bai taɓa zama a benci ana cin ƙungiyarsa takwas ya ƙi tashi ba, kallon ƙwallo yake yi, bai fara goyon baya ba tukuna. Ba laifi ba ne. Amma kada ya zo yana gaya mini daɗin kofi, don ba da yunwa ya ci ba.

Akwai wurin da yaron zai iya kama ni da ya san tarihin garin nan, kuma gara in faɗa da bakina. A cikin shekarun nan da nake ba da labari, Zamfara United tana buga babbar gasar Najeriya, a filin wasa na tunawa da Sardauna, nan cikin Gusau, tafiyar kabu-kabu ɗaya daga gidanmu. Manyan ƙungiyoyin ƙasar nan suna zuwa har gida. Sau nawa na je? Ba zai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, shi ma sai ranar da ba wasan Ingila. Mun iya yi wa ƙungiyar Landan haƙurin shekara tara, mutanen da ba su san akwai wani gari Gusau a duniya ba, amma tamu ta gida ba mu ba ta haƙurin kaka ɗaya ba. Da ta sauka daga babbar gasa ban ji an yi zaman jimami a teburin mai shayi ba. Kanawa sun fi mu a nan. Pillars ta ɗauki kofin ƙasa a 2008, da 2012, 2013, 2014, ta kuma faɗa ƙaramar gasa a 2022, amma masu cewa sai masu gida ba su sake riga ba har ta dawo. Duk lokacin da na cika baki da maganar amana, wannan abin yana ɗan tsaya mini a maƙogwaro.

Baba tela yana da magana ɗaya da yake rufe kowace kaka da ita: "Ku bari, baɗi tamu ta." Ya faɗe ta a 2007, ya faɗe ta a 2010, ya faɗe ta har ta zama sunansa, yara na hango shi su ce ga Baɗi-tamu-ta nan tafe. A kakar 2013 zuwa 2014 mun daɗe a saman tebur bayan zuwan Ozil, har muka fara ɗaga kafaɗa, sai Liverpool ta yi mana 5-1, Chelsea ta yi mana 6-0 a wasan Wenger na 1,000 cif. Abin da ya rage mana Kofin FA, shi ma da fenariti muka tsallake Wigan.

Wasan ƙarshe ya faɗo 17 ga Mayu 2014, ranar da ta yi daidai da daren Paris, shekara takwas. Da Hull City, ƙungiyar da ba ta taɓa zuwa wasan ƙarshe na kofin ba. Ƙarfe 5 aka fara. Kafin minti 10 Hull ta ci biyu. Wallahi ban ji haushi ba, wani irin sanyi ne ya sauko mini, irin na wanda ya riga ya san ƙarshen labari. 'Yan adawa sun cika bayan rumfa, don ranar ba mai wasa sai mu, kowa ya biya kuɗinsa ya zo kallon jana'iza. Sai Cazorla ya buga bugun tazara daga nesa ta shige can saman kusurwa. Aka dawo hutu ana ta fama, Koscielny, shi dai wanda ya yi karon nan na 2011, ya juya a gaban raga ya farke. Aka cika minti 90 ana kiran Magariba. Muka yi sahu a bayan rumfa kusa da janareto, kuma ina roƙon Allah Ya karɓi sallar nan, don liman bai ja dogon sura ba, mamu kuma kunnuwansu na ciki.

Minti 109 Giroud ya tura ƙwallo da dunduniya, Ramsey ya zo da gudu ya tsikare ta da bayan ƙafa. Benci biyu suka karye. Wani ya rungume ni, sai daga baya na ga ashe ɗan Manchester ne, abin ya ɗebe shi. Ni da lamba 10 mara suna a bayana, ina ihu muryata ba ta fita. Aka busa tashi, aka haska Wenger 'yan wasa na jefa shi sama, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Na waiga neman Baba tela. Yana inda yake zama kullum, bai miƙe ba, bai yi ihu ba, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, yau dai baɗi ta zo." Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya mayar da tabaransa, ya dubi talabijin inda Vermaelen ke ɗaga kofi, ya ce, "Wanga ƙarami na. Babban, baɗi."